Dosiyen Sakina

A unguwar nan ta Tasawa, in yaro ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, kafin ma guɗa ta lafa an ja hannunsa an kai shi ƙofar gidan Mushe Mamudu (Mushe ake ce wa malamin boko a nan). Shekara talatin da ɗoriya Mushe ya yi yana koyarwa, da ya aje alli sai ya buɗe sabuwar sana'a: ba da shawara. Kayan aikinsa benci biyu ne ƙarƙashin dogon yaro, da tabarau a karan hanci, da wani tsohon kartabul baƙi, jakar takardu mai ɗan kwaɗo, wanda ko alwala zai yi sai ya ɗora ƙafa ɗaya a kansa. A faɗi gaskiya, ba ya karɓar ko dala. Abincinsa shi ne "Allah ya saka, Mushe," kuma yana cinsa har ya yi gyatsa.

Shawarar kuwa mai kyau ce, wannan ko maƙiyinsa ba ya hana shi.

"Kada ka zaɓi makaranta don abokinka ya zaɓe ta," haka yake cewa yana kaɗa yatsa. "Ka dubi abin da kanka ke ɗauka, ka dubi abin da ƙasa ke nema. In ka tahi, ka zauna bencin gaba. Ka san hanyar ɗakin littattafai kahin ka san hanyar mai tsire. Abokai biyu sun ishe ka, na ukun shi ne zai koya maka barcin sahe. Abu na ƙarshe, ka ji tsoron latti. Dosiye, takardun neman shiga jami'a, ba ya jiran ɗan kowa. Ranar da aka ruhe, an ruhe."

Iyaye su yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

To, bayan wannan katangar da Mushe yake jingina da ita, akwai Sakina.

Ɗiyar ƙanensa Isufu ce, manomi a Korgom. Shekara uku tana zaune gidan don karatun lise, babbar sakandare, kuma a wannan damina ta ci bak tashi ɗaya, har da yabo a takardar. Ranar da labari ya isa ƙauye, Isufu ya hau moto ya zo da zabi biyu ɗaure a baya. Ya durƙusa gaban yayansa, ya fito da takardar haihuwar Sakina daga cikin leda uku, ya haɗa da takardar bak ɗin ya miƙa da hannu biyu.

"Yaya, ni ban san baƙi ba, ban san fari ba. Kai ne idonmu. Ga takardu, ga yarinya. Inda ka ce, nan za ta."

Duk wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan magana. In ƙane ya ce wa wa "kai ne idonmu", ya rufe nasa ke nan. Tambaya bayan haka rashin kunya ce.

Sakina ta san abin da take so. Tun tana ƙarama take ganin wata tsutsa tana cin zangarniyar gero a gonar ubanta, tana bin ta a murɗe har ta bar kara tsirara. Ta ce ita ilimin noma za ta karanta a jami'ar Maraɗi, ta san sunan tsutsar da maganinta. Mushe ya ji daɗi ƙwarai. Shi da kansa ya zaunar da ita suka shirya dosiye. Ta rubuta takardar neman shiga sau huɗu kafin ya yarda da rubutun. Ta je meri, ofishin magajin gari, aka buga wa takardu tambari, ta ɗauki hoto da farin hijabi. Suka jera komai cikin koriyar shemiz, irin bangon kwalin nan na aje takardu.

"Shekara talatin ban ga dosiye mai tsabta irin wanga ba," in ji Mushe. Ya zura shi cikin kartabul, kwaɗo ya yi ƙas. "Akwai tsohon ɗalibina can. Hannu da hannu za a ba shi."

Abin da ban faɗa ba shi ne, a ɗakin ƙurya na gidan akwai Inna, tsohuwar da ta haifi Mushe da Isufu. Da farkon damina ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta kaɗai ciwon ya bari, shi kuwa ko da can ba a iya masa. Sai an ɗaga ta, sai an juya ta, sai an wanke ta, sai an canza shimfiɗa sau uku a rana. Zara'u, matar Mushe, tana da ciwon baya. Ciwon baya ne mai ilimi: bai hana ta biki, bai hana ta kasuwa, amma da ta doshi ƙofar ɗakin tsohuwa sai ya tashi. Ɗiyarsu Huda ta zo hutu daga makarantarta ta Damagaram, ta leƙa sau ɗaya da gyale a hanci, ta ce ita warin yana sa mata ciwon kai, kuma tana da bita.

Saura wa? Kun sani.

Tsohuwa da jikarta kuwa wasa suke kamar sa'anni.

"Ke baƙauya, a hankali! Buhun gero kike juyawa?"

"Buhun gero ai ya hi ki daɗin ɗauka, Kaka, shi ba ya zagi."

"Ja'ira. In kin zama babbar malamar tsutsa, ki tuna ni na fara koya miki haƙuri."

Sati biyu suka wuce. Sakina ta kai wa Mushe ruwan alwala, ta ɗan tsaya.

"Baba, zancen dosiyen…"

"Ba a buɗe karɓa ba tukuna. Ni za ki tuna wa lokaci?"

Wani satin ya ce ya sake tunani. Noma kuma har sai an je jami'a? Bari ya bincika wani fanni a Damagaram. Da ya bincika, sai ya ce can babu wurin kwana na kirki ga ɗiya mace. Yamai ta yi nisa. Tawa garin zafi ne. Kowace makaranta Sakina ta ambata, Mushe yana da aibinta a aljihu, ya fito da shi a hankali, da Faransanci a ciki don ya ƙara nauyi. Daga ƙarshe, ranar da ya ga idonta ya cika, ya ce, "To, Maraɗin dai. Na aika. Ki kwantar da hankalinki."

Ta kwantar. Gero ya yi kai, aka fara cin tumu. Huda ta koma Damagaram da akwati da tulun soyayyen nama. Hannun Sakina ya tsattsage don wanki, warin ɗakin ya kama kayanta har ta daina zama kusa da mutane a gidan suna. Bayan tsohuwa ya fara miki, ya zama kowace awa biyu sai an juya ta. Duk da haka, in ta sami sarari takan buɗe tsohon littafinta na kimiyya a bakin gadon, tana karanta wa tsohuwa sassan fure, tsohuwa tana cewa ƙarya ne.

Ranar wata Litinin ƙawarta Safi ta shigo. Ajinsu ɗaya a lise, kuma Safi da ƙyar ta haye a zagaye na biyu. Daga Maraɗi take, ta je ta kai takardunta. Ta ja Sakina bayan madafa.

"Ke, na duba jerin waɗanda aka karɓi dosiyensu, sama da ƙasa, har sau ukku. Babu sunanki."

"Baba ya ce ya aika."

"To wanda ya ba ya ci amana. Alhamis ake ruhewa, Sakina. Jibi bayan gobe… kai, kwana ukku. Ki amshi takardunki mu tahi tare, motar sahe. Ko hotonsu ki ɗauka da wayata mu fara."

"Suna wurin Baba."

"To ki tambaye shi mana!"

Safi ɗiyar ɗan kasuwa ce, a gidansu ana tambayar uba.

Washegari da hantsi aka yi baƙi a benci, wani dattijo daga Urafane da ɗansa. Zara'u ta ce Sakina ta kai musu ruwa. Ta fito da tire, ta durƙusa, ta ɗago kai don ta gaishe su. Koriyar shemiz tana buɗe a kan gwiwar dattijon. Ya riƙe ta a juye, don bai san baƙi ba, babban yatsansa a kan hoton wata yarinya mai farin hijabi.

"Ka gani," Mushe yana cewa da yaron, "takardar nema a sama, ta haihuwa a bayanta, sannan ta bak. Haka za ka jera naka. Wanga shi ne misali, duk wanda ya zo shi nake nuna mishi."

Kofi ya kaɗu a tire, ruwa ya zuba a takalmin baƙo. Mushe ya dube ta ta saman tabarau, ya miƙa hannu ya rufe shemiz ɗin a hankali.

"Ki kula mana. Shiga ciki."

Sai bayan la'asar ta same shi a zaure shi kaɗai. Ta durƙusa nesa.

"Baba, ashe ba a aika ba."

Bai musa ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Sakina, ke yarinya ce, ni kuwa na ga jiya. Shekara ɗaya mi ce ce? Bak ba ya ruɓewa. Ki huta bana, kanki ya sarara, baɗi ki shiga da ƙarhi. Masu ilimi ma sun yarda da hutun shekara guda."

"Baba, kai ka ce dosiye ba ya jiran ɗan kowa."

"Na ce. Amma kowace doka tana da inda take tsayawa. Waccan da ke kwance wa ce? Ba kakarki ba ce? Albarkar da za ki samu a ɗakin nan, babu jami'ar da ke ba da ita."

"Huda ma kakarta ce."

Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Zara'u, wadda ashe ciwon bayanta bai hana ta laɓewa, ta bankaɗo labule.

"A'aha! Kin ji ko, Mushe? Shekara ukku tana cin tuwonmu, yau Huda take auna kanta da ita. Huda ta riga ta fara, a katse mata? Ke da ba ki fara ba mi kika rasa? Ni da bayana na da lahiya, wallahi ba na bari kowa ya taɓa Inna."

"Bar ta," in ji Mushe. "Ɗokin yarinta ne. Wata rana za ta gode mini."

Ya rataya kartabul ya tafi masallaci.

Sakina ta ari wayar Safi ta kira Korgom. Isufu yana gona, ana jin iska tana kaɗa kara. Ta faɗa masa duka.

"Baba, kana ji na?"

"Ina jin ki, ɗiyata. To… Yaya ya hi mu sani. Ni na ce mishi shi ne idonmu, da wane baki zan koma in ce ban takarduna? Kuma uwata ce kwance. Ni ina nan ban iya komi, shi ya ɗauke ta, shi ke sayen magani. In na ce ki tahi, mi za a ce da ni a dangi?"

"Baba, tsutsar…"

"Tana nan, ta ci rabin gonar gabas. Ki yi haƙuri. Baɗi ma shekara ce."

Ta ji muryarsa ta karye kafin ya kashe.

Tsohuwa ba ta tambaya ba. Bangon ɗakinta da zaure ɗaya ne, kuma kunnenta ciwo bai taɓa shi ba. Ranar Laraba da safe, Sakina tana ba ta kunu, ta kawar da kai.

"Kirawo mini wancan."

Wancan shi ne Mushe. Ɗan farinta ne, kuma tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi tana magana ba. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. In za ta ba shi saƙo, bango take gaya wa.

Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, yana shaƙar numfashi kaɗan-kaɗan.

"Inna, an tashi lahiya?"

Tsohuwa ta juyo da kanta da ƙyar, ta dube shi cikin ido.

"Mamudu."

Zara'u da ke tsakar gida ta saki muciya. Shi kansa Mushe sai da ya dafa ƙasa.

"Mamudu, ba yarinyar ga takardunta. Ni ba turke ba ce da za ka ɗaure ɗiyar mutane a jikina. Ka mai da ni Korgom, ko ka nemo wata ka biya ta, ko matarka ta tuna inda ta aje bayanta. Na tallata fura kai ka yi karatun lakwal. Ba don ka zauna bisa takardun jikata na yi ba."

Sakina ta riƙe kofin kunu da hannu biyu. Ta ce a ranta, yau kam an gama, wa zai tsallake wannan?

Mushe ya share gumi. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Inna, jikin ne ke sa ki wagga magana. Likita ya ce ciwon yakan taɓa tunani. Bare ya shigo ya ga tsiraicinki alhali ga jininki? Ina! A ce da ni mi a garin ga?" Ya juya wurin Sakina. "Kin ba ta maganin sahe? Ki ba ta, ta samu barci."

Ya fita. A tsakar gida aka ji yana ce wa Zara'u a hankali, "Har sunana ta kama. Abin ya fara hawa kai."

Tsohuwa ta mai da fuskarta bango. Sunan da ta ɓoye shekara sittin da biyar ta kashe shi a banza.

Alhamis ta zo. Tun da sanyin safiya Mushe ya sa babbar riga, ya rataya kartabul. Yaron nan na Urafane zai tafi Maraɗi kai dosiyensa, kuma Mushe ya yi alkawarin raka shi tasha don ya ƙara masa nasiha ta ƙarshe. Safi ta biyo ta ƙofar gida da jakarta, ta tsaya, ta kira sau biyu. Zara'u ta leƙa ta ce Sakina tana aiki.

Aikin take kuwa. Tsohuwa ta ɓata shimfiɗa, ta ɗaga ta ta jingina da kafaɗarta tana zare zanen. Daga can bakin titi aka ji motar Maraɗi ta yi oda, doguwa, sau biyu. Hannun Sakina ya tsaya. Sannan ya ci gaba.

"Yau ce ko?" in ji tsohuwa a wuyanta.

"Yau ce, Kaka."

"Ki yahe mini, ƙawata. Na daɗe da yawa."

"Kaka, ki bari."

"Da na san inda ake kai dosiyen tahiya, da na kai nawa tun jiya."

Sakina ta kwantar da ita, ta gyara mata matashi, ta kwashi zannuwan ta nufi bakin rijiya. Babu wanda ya ga hawayenta, don mai wanki fuskarta a jiƙe take dama.

Baɗin da aka yi ta faɗa ya zo. Tsohuwa tana nan da ranta, mikin ya ƙaru, maganar ta ragu. Huda ta wuce aji na gaba. Safi takan zo hutu da kalmomin da Sakina ba ta sani ba, sai ta daina zuwa, don ta lura zuwan yana yi wa ƙawarta ciwo. Littafin kimiyya Zara'u ta gama da shi wajen hura gawayi, shafi-shafi. Da aka taɓo zancen dosiye, Mushe ya ce ai yanzu ne ma jikin Inna ya fi bukatar hannu, a dai ƙara ganin abin da Allah zai yi.

Mutanen unguwa duk sun sani. Mu nan babu abin da ke ɓoyuwa, ko kaza ta yi ƙwai a gidan wani sai an ƙirga. A gidan suna ana cewa, "Allah sarki yarinyar nan," a ja tsaki, a ci gaba da cin shinkafa. Wa zai yi magana? Kowa yana da ɗa ko jika da zai ci bak wata rana, kuma benci biyu ne kawai a ƙarƙashin dogon yaron nan.

Da sakamakon bana ya fito, bencin ya cika har wasu suna tsaye. Sakina ta fito da tiren ruwa. Ta rame, hijabin nan fari ya koma ruwan ƙasa. Koriyar shemiz tana yawo daga hannu zuwa hannu, gefenta ya lanƙwashe, hoton ya dushe don yawan yatsu.

"Ku ji tsoron latti," Mushe yana cewa. "Ranar da aka ruhe, an ruhe."

Wani mutum daga Mayahi, wanda ya ɗan yi lakwal, ya tsaya a kan takardar bak ɗin yana karanta makin da baki a buɗe.

"Kai! Wagga yarinya akwai kai. Mushe, yanzu wace jami'a take?"

Sakina tana durƙushe gabansa, ta miƙa masa kofi. Ya karɓa bai dube ta ba.

Mushe ya gyara tabarau.

"Tana nan," ya ce. "Muna kan shawara."

Daga ɗakin ƙurya wata siririyar murya ta kira. Lokacin juyi ya yi. Sakina ta ɗauki tirenta ta shiga ciki.